Idon Unguwa da Hannun Hukuma: Yadda Al'ummomi Ke Tare Ɓarna Tun Ba Ta Girma Ba

Duk lokacin da aka kai wani mummunan hari, ko ƙwacen waya ya yi ƙamari a gari, maganar da ake fara ji ita ce a ƙaro jami'an tsaro. A ɗauki sababbin 'yan sanda, a sayo motocin sintiri, a kafa shingaye a hanya. Neman haka ba laifi ba ne, don akwai garuruwan da 'yan sandan cikinsu ba su isa tsaron kasuwa ɗaya ranar cinta ba. Sai dai yawan jami'ai kaɗai ba ya bayyana dalilin da ya sa mutanen wata ƙasa ke barci da minshari, na wata kuwa suke kwana ido biyu. Japan na da 'yan sanda kimanin 260,000 ga mutane wajen miliyan 124, wato ɗan sanda ɗaya ga mutum kusan 480. Najeriya na da wajen 370,000 ga mutane fiye da miliyan 200, ɗaya ga kusan 600. Akwai tazara, amma ko kusa ba ta kai tazarar da ke tsakanin zaman lafiyar ƙasashen biyu ba. A Japan, cikin kowane mutum 100,000, wanda ake kashewa a shekara bai kai ɗaya ba. Amurka kuwa, da ke tsare da mutane kusan miliyan 2 a gidajen yari, kisan kai a cikinta ya ninka na Japan fiye da sau goma.

Gaskiyar magana, mafi yawan aikin hana laifi ba ɗan sanda ke yin sa ba. Iyaye ne da maƙwabta, da malamin makaranta, da mai shagon bakin layi, da dattijon da ke zaune a dakali yana ganin mai shiga da mai fita. Ɗan sanda yakan iso ne bayan an riga an yi ɓarnar. Amma wannan ƙarfi na jama'a yana da nasa haɗarin, kuma mu a Arewa mun ɗanɗana shi fiye da yawancin mutanen duniya. Inda aka bar jama'a su gani, su kama, su yanke hukunci, su kuma zartar, ba a daɗewa maganin ke komawa cuta.

Ɗan ofishin bakin tasha

A kusan kowace unguwa ta biranen Japan akwai ɗan ƙaramin ofishin 'yan sanda da suke kira koban, galibi a bakin tashar jirgin ƙasa ko a mahaɗar tituna, da jar fitila a ƙofarsa. Ɗaki ɗaya ne ko biyu, da tebur, da taswirar unguwa a bango, da kekuna a jingine a waje. An fara su a Tokyo a 1874, yanzu sun kai wajen 6,000. A ƙauyuka kuma akwai wasu kimanin 6,000, inda ɗan sanda ke zaune da iyalinsa a gidan da ke haɗe da ofishin, 'ya'yansa na zuwa makarantar garin tare da 'ya'yan manoma. Yawancin abin da ke kai mutum koban ba ƙara ba ce. Baƙo ne ya ɓace hanya, ko tsohuwa ta kasa gane gida, ko yaro ya tsinci tsabar kuɗi ya kawo. Jami'in zai zauna ya cike takarda a kan wannan 'yar tsintuwa kamar yadda zai cike ta babban kaya, yaron kuma ya tashi da sanin inda ake kai abin da ba naka ba. A 2022 kaɗai, kuɗin tsintuwa da aka miƙa wa 'yan sandan Tokyo ya kusa yen biliyan 4, kuma wajen kashi uku cikin huɗu ya koma hannun masu shi.

Jami'an koban suna bin gidaje da shaguna lokaci-lokaci, su gaisa, su rubuta mutanen gida da wanda za a kira in wani abu ya faru. Bayan su akwai ƙungiyoyin unguwa da ke fita sintirin dare da tocila, da tsofaffin da ke tsayawa a mararraba safe da yamma suna duba yara 'yan makaranta. Sannan akwai wani tsari da ya fi burge ni, na mutanen da ake kira hogoshi. 'Yan sa-kai ne fiye da 40,000, yawancinsu dattawa, ba su da albashi, ma'aikatar shari'a ce ke naɗa su. Aikinsu kula da wanda ya fito daga gidan yari ko yaron da kotu ta sa a sa wa ido. Da yawansu a gidajensu suke karɓar mutumin, su ba shi shayi, su ji halin da yake ciki, su nema masa aiki. Tsohon fursuna ya zauna a ɗakin baƙin wani mai mutunci a unguwa, ai an riga an gaya masa cewa ƙofar dawowa cikin mutane a buɗe take.

Kada a ɗauka komai na Japan zuma ne. Ana iya tsare wanda ake zargi har kwana 23 kafin a gurfanar da shi, ana matsa masa ya amsa laifi, kuma cikin waɗanda aka kai gaban alƙali fiye da kashi 99 cikin 100 ana samun su da laifi. Iwao Hakamada, wani tsohon ɗan dambe, an yanke masa hukuncin kisa a 1968 bisa iƙirarin da ya ce tilasta masa aka yi. Sai a 2014 aka sake shi, sai a 2024 kotu ta wanke shi, yana da shekara 88. Al'ummar da kowa ke kallon kowa tana da nauyi a kan wanda ya fita daban, kuma kunyar laifin mutum ɗaya takan bi iyalinsa har ta kore su daga gari.

Wani zai ce ai wannan halin Japanawa ne, ba a kwaikwayonsa. To, Singafo ta ɗauki tsarin koban a 1983, jihar Sao Paulo ta Brazil ma ta ɗauka daga baya. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne binciken da aka yi a cikin Amurka kanta. A 1997 wani masanin zamantakewa, Robert Sampson, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutane kusan 8,800 a unguwanni 343 na birnin Chicago. Tambayoyin masu sauƙi ne: in yara sun gudo daga makaranta suna zaune a bakin titi, maƙwabtanka za su tanka? In yaro ya yi wa babba rashin kunya fa? In faɗa ya kaure a ƙofar gida, za a fito a raba? Ka yarda da mutanen unguwarka? Suka gano cewa inda mutane suka yarda da juna kuma suke shirye su tsawata, kisa da duka sun fi ƙaranci, ko da an kwatanta unguwannin da talaucinsu ɗaya ne. Suka kuma gano abin da ke kashe wannan hali: talauci da ya taru a wuri ɗaya, da yawan ƙaura, inda ɗan haya ba ya daɗewa balle ya san sunan na kusa da shi. Bahaushe bai buƙaci a yi masa dogon bayani a nan ba, shi da ya tashi yana jin ana cewa ɗa na kowa ne.

Abin da muke da shi, da yadda ya kwance

Tsarin ƙasar Hausa na da bai dogara da yawan masu ɗamara ba, ya dogara ne da sanin mutane. Mai unguwa ya san kowane gida, ya san mai gidan da sana'arsa da yawan iyalinsa. A kansa akwai dagaci, a kan dagaci hakimi, a kan hakimi sarki. Baƙo ba ya sauka a gari kawai ya shimfiɗa tabarma. Dole ya kasance yana da mai masauki, mai masaukin ya kai labarinsa wurin mai unguwa, kuma in baƙon ya yi ɓarna shi za a fara tambaya. Fatake na sauka wurin fatoma, a garuruwan kurmi da na Gana kuma wurin sarkin zango ko sarkin Hausawa, wanda ke tsaya musu a gaban masu ƙasa, ya kuma ladabtar da wanda zai ɓata wa sauran suna. A birane masu ganuwa, ana rufe ƙofofi da dare, kowace ƙofa da sarkinta.

Kasuwa ma haka. Ɓarawo ba ya sata sai yana da inda zai sayar, kuma nan ne tsarin ya fi matse shi. Saniya ba ta shiga kara a sayar da ita sai ta hannun dillalin da ya san mai ita, sarkin pawa kuma yana da hurumin tambayar inda dabbar da za a yanka ta fito. Sarkin maƙera ya san wanda ya ƙera wane makami. In dabba ta ɓace a yi cigiya, in an tsinci wata a ɗaure ta a ƙofar gidan mai unguwa har mai ita ya zo da shaida. Rigimar makiyayi da manomi kuwa, dagaci da arɗo ne ke zuwa gonar su ga ɓarnar da idonsu, a ƙiyasta, a biya, kowa ya kama gabansa. Abin da ya gagari waɗannan shi ke zuwa gaban alƙali, dogarai su kamo, Yari ya tsare. Kafin a kai nan an bi matakai da yawa, kuma a kowane mataki akwai wanda ya san mai laifin tun yana yaro.

Masu kewar wancan zamani sukan tsallake wani ɓangare, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Wannan tsari da ya san kowa, shi ne kuma ya san wanda bai biya haraji ba, aka shanya shi a rana. Shi ne a shekarun 1950 aka yi amfani da 'yan dokar En'e da kotunan alƙalai wajen ɗaure 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU saboda sun yi taro ko sun faɗi abin da bai yi wa fada daɗi ba. Talaka ba shi da inda zai kai ƙarar hakimi in ba wurin wanda ya naɗa hakimin ba. Don haka da aka zo rushe shi, mutane da yawa murna suka yi, kuma suna da hujja. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta haɗe 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan tarayya, ta karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba su da ragowar ikon gudanarwa. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali.

An sauke wa talaka kaya mai nauyi, amma akwai abin da ya tafi tare da kayan ba a lura ba. Ƙidayar haraji ita ce ke sa mai unguwa bin gida-gida duk shekara, jangali kuma shi ke sa hukuma ta san kowace ruga da arɗonta da yawan shanunta. Da aka soke su ba a kawo wata hanyar sanin mutane a madadinsu ba. Aka bar mai unguwa da suna da rawani, ba doka a bayansa, ba abin kirki a aljihunsa. Ɗan sandan da ya gaje shi kuwa daga Abuja ake juya shi, sau da yawa ba ya jin harshen garin da aka turo shi, kuma kafin ya san lunguna an yi masa canjin wurin aiki. A daidai wannan lokaci birane suka kumbura. Kano da mutanenta ba su kai 150,000 ba a ƙidayar 1952, yau ana ƙiyasta sun haura miliyan 4. Unguwanni sun tsiro a gonaki, gida ɗaya 'yan haya goma, kowa daga garinsa. Ka tsawata wa yaron wani yau, ƙila uwarsa ta biyo ka har gida, ƙila yaron ya tare ka da wuƙa da dare. Sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, shirun nan kuma shi ne taki ga daba.

A Nijar an bi wata hanya dabam. Can doka ta amince da sarakunan gargajiya a matsayin wani ɓangare na gudanar da mulki, ta kuma ba su ikon sasanta rigingimun gona da na aure da na ciniki. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuwa bai ba su wani aiki ba ko kaɗan. Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin cike giɓin da sababbin hukumomi, irin Hisbar Kano da aka yi wa doka a 2003, wadda yawancin aikinta na yau da kullum sasanta ma'aurata ne da masu bashi da mayar da yaran da suka ɓata, ko da yake ana yi mata ƙorafin cewa hannunta ya fi saurin kaiwa kan talaka.

Lokacin da jama'a suka ɗauki makami

Inda hukuma ta gaza, mutane ba sa zama su naɗe hannu. A farkon shekarun 1980, bayan yaƙin Tanzaniya da Idi Amin, bindigogi suka bazu, satar shanu ta addabi ƙabilun Sukuma da Nyamwezi a yankunan Tabora da Shinyanga na Tanzaniya. Ƙauyuka suka kafa ƙungiyar da ake kira Sungusungu. Kowane namiji baligi na ƙauye ɗan ƙungiya ne, taron gari ne ke zaɓen shugabanni, makamansu kwari da baka. In an kore shanu sai a busa usur, a bi sawu, in an isa iyakar wani ƙauye mutanensa su karɓi bin sawun. Wanda aka kama a gurfanar da shi gaban taro, ya biya tara da shanu, in ya ƙi a ƙaurace masa, ba mai gaishe shi, ba mai zuwa jana'izar gidansa. Satar shanu ta ragu ƙwarai, shugaba Nyerere ya goyi bayansu, a 1989 kuma doka ta ba su ikon kamawa. Duk da haka tarihinsu na ɗauke da duka da azabtarwa da kashe waɗanda aka zarga da maita.

A Maiduguri ma, a 2013, matasan da aka fi sani da 'yan kato da gora sun yi abin da sojoji suka kasa, saboda dalili ɗaya: sun san 'yan Boko Haram ɗaya bayan ɗaya, unguwa ɗaya suka tashi. Cikin 'yan watanni aka fatattake su daga cikin gari. Su ma daga baya an zarge su da kisan waɗanda ba a gurfanar ba da sanya ƙananan yara cikin aikin.

To me ya sa abin da ya yi aiki a Tabora da Maiduguri ya zama masifa a Zamfara? A ganina amsar tana cikin waye ɗan ƙungiya, waye kuma ake zargi. A Tanzaniya ɓarawon da mai shanun dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, kuma ana yi masa shari'a a gaban kawunnansa. A Zamfara 'yan sa-kai sun fito daga ɓangare ɗaya, manoma, waɗanda ake zargi kuma daga ɗaya ɓangaren, makiyaya. Babu arɗo a zaman, babu mai cewa wannan na san shi, ba ɓarawo ba ne. Aka riƙa kama Bafulatani a kasuwa a kashe shi a bainar jama'a ba tare da alƙali ya ji ta bakinsa ba, aka ƙona rugage. Wanda aka kashe wa uba ya rasa inda zai kai kuka sai daji, inda masu bindiga ke jiransa hannu biyu-biyu. Su kuma suka mayar da martani a kan ƙauyuka gaba ɗaya, kamar harin 'Yar Galadima na Afrilun 2014, inda aka buɗe wuta a kan taron 'yan banga da shugabannin al'umma. Faɗin haka ba wanke 'yan bindiga ba ne. Wanda ya kashe manomi a gonarsa ko ya sace mata da yara don kuɗin fansa azzalumi ne, ba shi da wani uzuri. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ƙirga fiye da mutum 6,000 da aka kashe daga 2011, ya kuma zargi wasu sarakuna da hakimai da haɗa baki da 'yan bindiga. A 2022 aka tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau. Masu cewa a mayar wa sarakuna iko kawai komai ya gyaru, ya kamata su tsaya a kan wannan.

Haka abin ya kasance a Mali, inda aka kashe Fulani wajen 160 a ƙauyen Ogossagou a Maris ɗin 2019, aka zargi ƙungiyar maharban ƙabilar Dogon. Mu ma an yi mana. A ƙarshen Maris ɗin 2025 'yan banga a Uromi ta jihar Edo suka tare motar mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida yin Sallah, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa, gungun mutane suka kashe 16. Idon unguwa yana aiki ne a kan wanda ya sani. A kan baƙo kuwa, ba ya ganin komai sai kama da harshe da sutura.

Bayan an riga an yi laifin

Al'ummomi sun kuma bambanta a kan abin da suke yi da mai laifi. Wani masani ɗan Ostireliya, John Braithwaite, ya raba kunyatarwa gida biyu: wadda ke cewa abin da ka yi mugu ne amma kai namu ne, da wadda ke cewa kai mugu ne, fita daga cikinmu. Ta biyun ita ke tura mutum wurin waɗanda aka kora irinsa.

Ruwanda ta fuskanci wannan tambaya a mafi munin yanayi. Bayan kisan ƙare dangi na 1994, inda aka hallaka mutane kimanin 800,000 cikin kwana 100, gidajen yari suka cika da mutum wajen 120,000, alƙalai da lauyoyi kuwa an kashe wasu, wasu sun gudu. Sai aka farfaɗo da zaman sulhu na gargajiya mai suna gacaca, aka yi masa doka. Jama'a suka zaɓi mutanen da suka yarda da amanarsu su zama alƙalai. Rana ɗaya a mako a rufe shaguna, gari ya taru a fili, a kawo fursuna cikin tufafinsa ruwan hoda, ya tsaya gaban matar da ya kashe wa miji. In ya faɗi gaskiya, ya nuna inda aka binne gawa, ya nemi gafara, a rage masa hukunci, wani ɓangaren ya yi shi da aikin gayya. Kotuna wajen 12,000 suka saurari ƙararraki kusan miliyan 2 kafin a rufe su a 2012. An yi ƙorafi mai nauyi: ba lauya, an tsoratar da shaidu, wasu sun yi ƙarya don cin gonar maƙwabci, kuma ba a yarda a saurari laifukan sojojin da suka karɓi mulki ba. Duk da haka, a lura cewa gacaca ba ta yanke hukuncin kisa, akwai ɗaukaka ƙara, kuma manyan waɗanda suka kitsa kisan kotunan gwamnati da ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Arusha aka kai su.

New Zealand, a dokar da ta yi a 1989, ta ɗauko daga al'adar Maori, 'yan asalin ƙasar: yaron da ya yi laifi a zaunar da shi da danginsa da wanda ya cuta da ɗan sanda, a fitar da yadda zai biya ya kuma gyara. Somaliyawa kuma, ko a shekarun da ba gwamnati, dokarsu ta gargajiya ta ci gaba da aiki: in mutum ya yi kisa, danginsa na wajen uba ne ke haɗa diyyar raƙuma 100. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu, inda dangin mai kisan kuskure ke ɗaukar diyya. Hikimar a fili take, wanda ya san dukiyarsa za ta tafi in ƙanensa ya yi ɓarna, zai riƙe ƙanen tun kafin ya fita da wuƙa. Rauninta shi ne ƙaramin dangi ba ya iya matsa wa babba ya biya, kuma mace da aka yi wa fyaɗe sau da yawa maza ne ke sasantawa a kanta ba a ji ta bakinta ba.

Misalin da ya fi kusa da matsalar daba shi ne na Glasgow a Sikotilan, birnin da ya yi ƙaurin suna wajen sara da suka. A 2005 'yan sanda suka kafa sashe na musamman da ya ɗauki tashin hankali a matsayin cutar da ke yaɗuwa. Daga 2008 suka riƙa tara 'yan daban unguwanni a zauren kotu. Babban ɗan sanda ya gaya musu an san su, an san gidajensu, in ɗaya ya sake sara duk ƙungiyar za ta ji a jikinta. Likitan tiyata ya nuna musu hotunan fuskokin da yake ɗinkewa. Uwa ta tashi ta faɗi yadda ta ga ɗanta bayan an sassare shi. A ƙarshe a ba kowa kati da lambar wayar da zai kira in yana son koyon sana'a ko aiki ko barin ƙwaya. Kisan kai a Sikotilan ya sauko daga 137 a shekarar 2004 zuwa 2005, ya koma ƙasa da rabin haka cikin shekara goma. Mu ma muna yin bikin tuban 'yan daba, a tara wuƙaƙe a ɗauki hoto. Abin da ke ɓacewa shi ne wanda zai amsa waya bayan wata uku, lokacin da tubabben ya nemi aiki ya rasa, unguwa kuma ba ta daina kiransa da tsohon sunansa ba.

Yanzu jihohin Arewa maso Yamma sun koma kafa rundunoninsu na 'yan ƙasa: Katsina ta ƙaddamar da tata a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024, Sakkwato ma ta bi sahu, kamar yadda jihohin Yarbawa suka kafa Amotekun a 2020. Wannan ya fi 'yan sa-kan da ba su da rajista, domin akwai doka da albashi da shugaban da za a tuhuma, kuma matasan da ke cikinsu suna ba da rayukansu don kare garuruwansu. Amma akwai tambayoyin da ya wajaba a riƙa yi wa gwamnoni a kansu. Shin akwai 'ya'yan makiyaya a cikin waɗanda aka ɗauka? In askari ya kashe wani bisa zalunci, ofishin wa ɗan'uwan mamacin zai je, kuma wa zai saurare shi? Wanda aka kama, ina ake kai shi? Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko wani lokacin da kotu ta ga ya dace. Gwamnatin da ta iya sayen ɗaruruwan babura ga askarawa, tana iya ajiye alƙali mai zama kullum a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, ta biya mai unguwa da arɗo abin da zai sa su koma riƙe rajistar mutanensu, ta kuma rubuta a doka cewa wanda aka kama da rai, da ransa za a miƙa shi.